Nakiya a Gurbin Baba

Gidan da aka kawo ni aure yana wajen Kafanchan, a ƙarshen gonakin citta, inda ƙasa ke gangarawa zuwa rafi. Mu huɗu ne a gidan: ni, maigidana, ɗiyarmu ta fari da ke goye, da surukina, wanda kowa a unguwar ke ce wa Baba. Uwar mijina ta rasu kafin in zo. Maigidana ma ba mazauni ba ne a lokacin, yana aiki a wani wurin fasa dutse ta wajen Mararaban Rido, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Don haka shekaruna biyu na farko kusan da Baba na yi su.

A ƙasan gonarmu ruwan rafin yana zubowa daga kan wani falalen dutse, ya taru a wani gurbi mai zurfi wanda manyan duwatsu suka kewaye. Gurbin Baba ake ce masa. Ba saye ya yi ba, amma tun yana saurayi shi ke shiga, kuma babu ramin da bai sani ba. Kifin da ya fi yawa a ciki wasu ƙanana ne da muke ce wa karfasar dutse. Ba su wuce tafin hannu ba, jikinsu da ratsi-ratsi baƙi, idan lokacin ƙwai ya zo ƙirjin mazan sai ya yi ja kamar an shafa musu manja. Ba sa yawo a tsakiyar ruwa. Kowane yana da tsagar dutsensa, a bakinta yake wuni yana kankare gansakuka. Bara na shiga wani kemis a Sabon Tasha na ga akwatin gilashi cike da ruwa da duwatsu, da wasu kifaye shuɗi da rawaya suna korar juna. Mai kemis ya ce daga tafkin Malawi aka kawo irinsu, can ma cikin duwatsu suke zama. Na ce masa namu ba su kai su kyau ba, amma hali ɗaya ne.

Halin kuwa na faɗa ne. Idan na je wanki, Baba yakan kira ni in kwanta a kan dutse in leƙa. Maza biyu za su haɗa baki su cije, su yi ta jan juna har ƙasa ta tashi, ɓawon jikinsu yana walƙiya a ruwa. Wanda aka fi ƙarfi sai ya fito da wutsiya a yage, wani lokaci da ido ɗaya, sauran su bi shi da cizo har ya mutu ko ya bar wurin. Amma uwar, ita a bakinta take riƙe ƙwai, ba ta cin komai sai sun ƙyanƙyashe. Baba da hannu yake kamu, ya zura shi cikin rami har kafaɗa, shi ya sa yatsunsa duk tabon ƙaya ne. Duk wadda ya ciro sai ya taɓa maƙogwaronta. In ya ji a kumbure, ya ɗan buɗe bakin ya nuna mini.

"Duba, ɗiyata. Wannan yana da yara a baki. Ba a cin shi."

Sai ya mayar da ita ramin da ya ciro ta, ba wani ba.

A rani na uku aka sallami su maigidana daga aiki. Ya dawo da jaka ɗaya da fushi mai yawa. Babu aikin gona, sai zama a gindin mangwaro. Ni kuma ina soya kifi a bakin tasha a cikin gari, kifin ƙanƙara nake sarowa, in haɗa da ɗan abin da Baba ya kamo, wanda bai taɓa cika ƙaramin kwano ba. Maigidana yakan kalli kwanon ya yi tsaki. Ya ce tsoho ya wuni cikin ruwa kamar kwaɗo a kan abin da kyanwa za ta raina.

Wata Asabar da safe Baba ya tafi taron dattawan ikilisiya. Ina tsakar gida ina surfen acca, sai na ji wata ƙara daga wajen rafi wadda ta shigo mini ta tafin ƙafa kafin kunne. Kaji suka watse, ƙasa ta zubo daga jikin rumbu, yarinyar ta tsandara ihu a bayana. Ba a jima ba sai ga maigidana da baho cike a ka, ya sauke, ya koma ya ɗauko na biyu.

Ban taɓa ganin kifin gurbin da yawa haka ba, kuma ban taɓa ganin kifi a wannan kama ba. Cikinsu a fashe, idanu sun fito waje, jini a kunnuwansu. Idan na ɗaga ɗaya sai ya lanƙwashe a hannuna kamar tsumma, don ƙashin bayan ya dagargaje. Wasu bakinsu a buɗe, ƙwai rawaya sun cika shi.

Na ce, "Baban yarinya, me ka sa musu?"

Ya ce, "Ke dai ki soya."

Na san nakiya ce, ta fasa dutse, wadda ya ɓoyo daga wurin aiki. Na sani sarai, kuma na hura wuta na soya. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don daga baya mutane sun yi ta ba ni haƙuri kamar ba ni da hannu a ciki. Da na ga baho biyun nan, daɗi na ji.

Baba ya dawo da rana tsaka. Ya tsaya a ƙofa, ya kalli tulin kifi a kan faranti, ya juya ya nufi rafi da kayan majami'a a jikinsa. Da ya dawo wandonsa a jiƙe yake har ƙugu. Hularsa na hannunsa, cike da 'yan kifaye matattu masu kamar ƙwayar shinkafa. Ya ajiye hular a gaban ɗansa, ya wuce bayan rumbu ya ɗauko ƙotar fartanya.

Duka na farko a gadon baya ya sauka. Na biyu a kafaɗa. Maigidana, mutum mai shekara talatin da wani abu, ya durƙusa ya kare kansa da hannu, Baba yana dukansa yana magana da yarenmu. A na huɗu fatar goshinsa ta fashe, jini ya rufe masa fuska. Nan ya miƙe. Ya cafke ƙotar, suka yi ta ja, sannan ya hankaɗa tsohon da duk ƙarfinsa. Baba ya tafi da baya, ƙafarsa ta harɗe, ya juya ya faɗi, bakinsa ya daki gefen turmi. Na ji ƙarar haƙori a jikin itace.

Ban gane maigidana ba a wannan lokacin. Ya ɗaga ƙotar sama da hannu biyu a kan ubansa da ke kwance. Na yi tsalle na faɗa tsakaninsu da goyo a bayana, na ɗaga hannu. A damtsena na hagu ta sauka. Hannun ya mutu nan take, na yi sati biyu ban iya ɗaga tulu ba. Da a kan Baba ta sauka, ko a kan yarinyar, ban san abin da zan rubuta yau ba.

Ya yar da ƙotar ya fita. Baba ya tashi zaune, ya tofar da haƙora biyu a tafin hannunsa, ya kalle su, ya zuba a aljihu.

Washegari bayan sujada fasto da dattawa uku suka zo gidan. Aka sa maigidana ya durƙusa ya roƙi gafara. Aka tambaye shi ko akwai sauran nakiya, ya rantse babu. Baba, da leɓe a kumbure, ya ce, "Na ji." Fasto ya jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba. Daga ranar Baba ya daina zuwa gurbin, don babu abin da ya rage a ciki. Ruwan ya yi kwana uku yana wari.

Rantsuwar ƙarya ce. Maigidana ya koma gangarawa can ƙasa, wajen wani ƙauye da ke bin rafin, inda ƙarar ba za ta iso gida ba. Kifin yana zuwa a buhu ta bayan gida, ni kuma ina karɓa. Sau uku aka yi haka. A na huɗu mutanen ƙauyen suka yi masa kwanto. A wurin suke ɗiban ruwan sha, a wurin yaransu ke wanka. Suka ɗaure shi a jikin bishiya da igiyar shanu, suka yi masa bulala da wayar wuta har rigarsa ta manne da naman bayansa. Wani ɗan acaɓa ya kawo shi ya sauke a ƙofar gida, ya ce an ce a faɗa mana in ya sake komawa, gawarsa za a kawo.

Da ruwan zafi da gishiri na ɓamɓare rigar. Yana cije da matashi yana gurnani. Baba yana zaune a waje, yana jin komai, bai shigo ba. Na ce wa maigidana, "Don Allah ya isa haka. Ba zan sake soya ko ɗaya ba." Ya ce da bai tsaya jiran lagwanin nakiyar ya ci ba, da ba su same shi ba. Lagwanin ya yi tsawo, in ji shi, kuma kifi ma suna gudu kafin ta tashi. Abin da ya koya daga dukan ke nan.

Bayansa ya ɗauki wata guda kafin ya warke. A cikin watan nan Baba ya fara leƙa gurbinsa kuma, ba don kamu ba, don ya ga ko wani abu ya dawo daga sama. Bai faɗa wa kowa ba. Ni ma ranar da abin ya faru na sani.

Talata ce, wajen ƙarfe uku na rana. Ina wanki a kan falalen dutsen da ke saman gurbin, yarinyar tana zaune a gefena a kan zane tana wasa da murfin bokiti. Ban ga zuwan Baba ba, don ta ɗaya gefen ya shiga, bayan wani babban dutse. Sai na hango maigidana yana saukowa ta cikin gona da sauri, yana waige-waige. Ya tsaya a bakin ruwa, ƙasa da ni kaɗan. Ya ciro abin daga aljihu, kamar kyandir a naɗe da takarda, lagwaninsa bai kai ɗan yatsa ba. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ya ƙyasta ashana.

Ya ɗaga hannu zai jefa. Daidai nan kan Baba ya ɓullo daga bayan dutsen, a tsakiyar ruwa, furfurarsa na ɗiga, yana share fuska.

Na ga hannun maigidana ya tsaya a sama. Ya juyo hagu, muka haɗa ido. Ya sake juyawa wajen ruwa.

Ban ji ƙarar kamar ƙara ba. Wani abu ne ya doke ni a ƙirji ya kwantar da ni a kan kayan wanki, kunnena ya toshe. Na ga bakin yarinyar a buɗe amma ba na jin kukanta. Wani abu mai ɗumi ya fantsamo mini a fuska da wuya. Da na tashi, hayaƙi na yawo a bakin ruwa, maigidana yana zaune a ƙasa da ƙafafu a miƙe kamar mai hutawa, yana kallon hannunsa na dama. Babu hannu. Daga wuyan hannu zuwa ƙasa babu komai sai fararen ƙasusuwa biyu da jijiyoyi suna reto, jini yana tsartuwa yana tsayawa, yana tsartuwa yana tsayawa. Gefen fuskarsa na dama ya yi baƙi, idon ya zama rami ja. Yatsa ɗaya na gani a kan dutse kusa da sabuluna, da farcensa.

Ni ihu kawai nake yi. Baba ne ya fito daga ruwa da gudu, tsoho mai shekara kusan saba'in, yana faɗuwa yana tashi a kan duwatsu. Ya kwance robar tayar keke da yake ɗaure wandonsa da ita idan zai shiga ruwa, ya naɗa ta a damtsen ɗansa, ya zura kara ya murɗa, ya murɗa, har jinin ya koma ɗiga. Ya fizge zanen da yarinyar ke zaune a kai ya dunƙule a kan dungun. Sannan ya juya baya ya durƙusa, ya daka mini tsawa.

"Ɗora mini shi!"

Na ɗora. Ya goya shi ya hau gangaren nan, ƙafafun maigidana suna jan ƙasa, ni ina biye da yarinya a hannu ɗaya, ɗayan ina riƙe da karan don kada ya warware.

A bakin hanya akwai wani Alhaji mai sayen citta, ɗan cikin gari, wanda iyayensa da kakanninsa duk a kasuwar Kafanchan suka yi ciniki. Yana loda buhuna a a-kori-kura. Da ya gan mu ya yi salati, ya hau bayan motar da kansa ya dinga turo buhunan ƙasa, wasu suna fashewa. Muka kwantar da maigidana a kan ragowar citta. Alhajin ya ce mini, "Maman yarinya, danne nan da ƙarfi, kada ki saki ko me ya ce." Ya ja motar. Duk ramin da muka faɗa sai maigidana ya yi ƙara. Baba ya ɗora kan ɗansa a cinya, ya toshe idon da tafin hannunsa, yana addu'a da yare, yana kiran sunan Yesu, yana kiran ɗansa da sunan ƙuruciya da uwarsa ke kiransa da shi, wanda ban taɓa ji ba sai ranar.

A asibiti aka shiga da shi tiyata. Aka yanke hannun ƙasa da gwiwa kaɗan, idon kuma babu abin da za a ceto. Alhajin da wasu matasa biyu daga majami'armu suka ba da jini. Kwana biyu bayan haka 'yan sanda suka zo gefen gadonsa suka tambaye shi sauran nakiyar. Wannan karon bai yi ƙarya ba. Ya ce guda huɗu ne, a cikin gwangwanin fenti, a soke cikin jinkar kicin ɗina. Daidai saman murhu. Wata uku ina hura wuta a ƙarƙashinsu safe da yamma, da yarinya a bayana. Da aka zo aka sauko da gwangwanin, ya yi baƙi da hayaƙi.

Da aka sallamo shi, wani mutum ne ya dawo. Cokali ya gagare shi, maɓallin riga ya gagare shi. In tuwo ya suɓuce daga hannun hagunsa sai ya yi jifa da kwanon. Ya fasa mini tukwane biyu da madubi. Wata rana ina wanke masa dungun, na taɓa wurin da ke ciwo, sai ya kwaɗa mini mari da hagu har na faɗa kan bokiti, leɓena ya tsage. Ya ce ni na ja masa, da ban karɓi kifin farko ba da bai yi na biyu ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ban tsaya ba. Na goya 'yata na hau mota zuwa wurin yayata a Sabon Tasha.

Wata huɗu na yi a can. Labari yana zuwa mini ta bakin matan zumuntar majami'armu. Sun ce Baba ne ke dafa abinci, shi ke yi masa wanka a bayan rumbu, shi ke ɗaure masa wando. Sun ce wani lokaci ana jin su suna zage-zage, wani lokaci a ga tsohon yana ba shi kunu a baki. Farkon damina sai ga Baba a ƙofar yayata, ya rame, da leda a hannu, gyaɗa a ciki. Na ba shi ruwa, na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana wasa da yarinyar kafin ya yi magana, iska tana fita ta giɓin haƙoransa.

Ya ce, "Ɗiyata, ban zo in ce maki ya gyaru ba. Bai gyaru duka ba. Na zo in ce ƙarfina ya ƙare. In ba za ki dawo ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Na ce sai in ɗansa ya zo da kansa ya faɗa a gaban yayata da mijinta cewa ba zai sake ɗaga mini hannu ba. Bayan sati biyu ya zo, hannun rigarsa a ninke an soke da fil. Ya faɗa. Na koma. Bai sake ba, ko da yake tsawa da jifa da kwano sun ɗauki shekara kafin su lafa.

Alhajin nan ne ya ba shi aiki, tsaron shanyar citta da duba buhuna. Ya koyi ɗaure bakin buhu da hagu da haƙori, har yanzu abin da yake yi ke nan. Mun ƙara yara biyu. Baba ya yi shekara uku bayan haka, ya rasu a ɗakinsa da zazzaɓi, maigidana na riƙe da ƙafarsa.

Ba ma zancen ranar. Sau ɗaya kawai na tambaye shi, wata Lahadi da safe muna shirin majami'a, ina sa masa maɓallan riga. Na ce me ya sa bai yar da ita ba, ko ina ne.

Ya kalli hannun rigar da ke reto. Sannan ya ce, "Gaba Baba ne. Hagu ke ce da yarinya."

Na ce, "Bayanka fa? Gona ce, babu kowa."

Ya ce, "Ban tuna ina da baya ba."

Na gama sa maɓallin wuya, na ninke masa hannun rigar, muka fita don an riga an kaɗa ƙararrawa ta biyu.